Abin da Sulke Ke Ɓoyewa: Tarken Ƙirar Dalek a Ma'aunin Lifidin Haɗeja

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗaura sulke ya faɗi abu biyu game da kansa ko da bai buɗe baki ba: akwai makamin da yake tsoro, kuma a ƙarƙashin ƙarfen akwai tsokar da makamin zai iya hudawa. Wannan ne ya sa ƙirar mugu mai sulke take da wuya a ƙagaggun labaran kimiyya na talabijin. Ana so mai ƙira ya fito da halittar da za ta razana mai kallo, alhali tufar da zai sa mata shaidar rauninta ce. Da yawa sun gwada, kaɗan suka dace. Cikin waɗanda suka dace babu kamar Dalek, baƙon wata duniya a shirin Doctor Who na gidan talabijin ɗin BBC, wanda ya haura shekara 60 yana firgita yara, manya kuma ba su daina gardama a kansa ba.

Maƙalar nan za ta yi tarken ƙirar Dalek sashe bayan sashe, sannan ta ɗora shi a ma'aunin da muke da shi a gida, wato lifidi da sulken baraden ƙasar Hausa, musamman na masarautar Haɗeja wadda Kaugama take cikinta. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ƙarfin wannan ƙira yana cikin abubuwan da ta hana halittar: ƙafa, yatsa, fuska, da ikon tuɓe kayan yaƙi. Duk lokacin da masu shirin suka sassauta wannan hani, sai tsoron ma ya ragu.

Shirin da Alaƙarsa da Arewa

An fara nuna Doctor Who a Ingila ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Labarin wani matafiyi ne da ake kira Doctor, wanda yake ratsa zamunna da duniyoyi tare da abokan tafiyarsa, yana karo da azzalumai iri-iri. Shirin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin BBC ta sayar wa tashoshin talabijin na Nijeriya da shi tun ana nuna shi cikin baƙi da fari. Hasali ma, a watan Oktoba na 2013 aka sanar da cewa an gano kashi tara na shirin, waɗanda suka ɓace daga ma'ajiyar BBC kanta, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Babu Dalek a cikin waɗannan kashi tara, amma samuwarsu ta nuna cewa shirin ya taɓa shiga gidajen Arewa.

Shi ma adabin Hausa ya san baƙon sama. A 1969 aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani baƙo ya ɗauki yaro ya zaga da shi sararin samaniya. Saboda haka tambayar yadda ya kamata baƙon wata duniya ya kasance a ido tambaya ce da ta shafi ɗalibin adabin Hausa.

Yadda Aka Ƙera Shi

Dalek ya fara bayyana a watan Disamba na 1963, a labari na biyu na shirin. Terry Nation ne ya rubuta labarin, Raymond Cusick, ma'aikacin sashen ƙira na BBC, ya zana siffar, aka ba kamfanin Shawcraft aikin ƙera guda huɗu. Nation ya tashi ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a zuciyarsa Dalek hoton 'yan Nazi na Jamus ne: al'ummar da ta ɗauki kanta tsarkakakkiya, ta ɗauki duk wanda ba nata ba abin sharewa. A cikin labarin, yaƙin makamin ƙare-dangi ya lalata duniyarsu mai suna Skaro, gubarsa ta nakasa jikinsu har suka koma 'yan dunƙulallun halittu marasa ƙarfi, sai suka shige cikin injinan ƙarfe suka rufe kansu. Bahaushe ya ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Tsoro ne ya kora Dalek cikin sulkensa, kuma daga nan ƙirar ta samo tushe.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, siffarsa kamar turmi ne da aka kife, mai tsawo kusan mita ɗaya da rabi. Ƙasansa faffaɗa ne, an jera masa ƙulle-ƙulle kamar rabin ƙwallo. A tsakiya akwai hannu biyu, ɗaya bindiga, ɗaya doguwar sanda mai faifan roba a baki. A sama akwai kai kamar kifaffen akushi, da ido ɗaya a bakin sanda, da 'yan fitilu biyu masu walƙiya idan yana magana. A wajen ɗaukar shirin, mutum ne yake zama a ciki a kan 'yar kujera, yana tura injin da ƙafafunsa a kan ƙananan tayoyi irin na gadon asibiti. Abin da mai kallo ya ɗauka ƙarfe ne, katako ne da roba mai tauri da aka shafa wa fenti.

Tarken Sassan Jikinsa

Abu na farko da aka cire masa shi ne ƙafa. Kafin Dalek, yawancin dodannin fim mutane ne da aka sa wa kaya, kuma da zarar mai kallo ya ga gwiwa tana lanƙwashewa ya san ɗan'uwansa ne a ciki. Nation ya ce ya samo dabarar ne daga 'yan rawar ƙasar Jojiya, mata masu dogayen tufafi da suka rufe ƙafa, waɗanda idan suna tafiya sai ka ce zamewa suke yi a kan daɓe. Da Cusick ya rufe ƙafar, sai ya toshe hanyar da ido ke bi ya gane mutum. Taku yana sanar da zuwan mai shi, yana nuna gajiya ko gaggawa ko shakka. Dalek ba shi da taku, sai dai ya sulalo, kuma ba a iya karanta niyyarsa daga tafiyarsa.

Na biyu shi ne yatsa. Faifan robar da ke hannunsa ba wani abu ba ne illa abin da masu gyaran famfo ke zuƙo toshiyar bututu da shi, kuma ƙarancin kuɗi ne ya kawo shi. An daɗe ana yi masa dariya, kuma dariyar tana da hujja: kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Sai dai idan aka dube shi da idon tarke, rashin yatsan ya yi wa jigon hidima. Halittar da hannunta ɗaya bindiga ne, ɗayan kuma ba ya iya musafaha, ba ya iya ɗaukar jariri, ba ya iya shuka, ta riga ta bayyana irin zaman da za ta iya yi da maƙwabci. Tun kafin ta furta kalma, jikinta ya faɗi aƙidarta.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana. Dalek ba shi da inda za a tambaya. Idonsa ɗaya ne, yana kan sanda, yana juyowa ya tsaya a kan mutum kamar bakin bindiga. Yana ganinka, kai ba ka ganinsa. Duk wata hanyar da ɗan Adam ya sani ta neman sassauci, kamar kallon ido, ko lura da inda fushi ya fara sauka, an toshe ta. Muryar ma ba ta cike giɓin ba, domin an bi da maganar 'yan wasa irin su Peter Hawkins da David Graham ta cikin wata na'ura da ke kakkarya sauti, sai ta fito a gutsuttsure, tana hawa sama kamar ta wanda ya kusa zaucewa. Kalmar da ya fi maimaitawa umarni ne na a hallaka. A nan akwai gwaninta: jikin sanyi ƙalau, muryar kuwa cike da firgici. Mai sauraro yana jin cewa abin da ke ihu a ciki ya fi kowa tsorata.

Masu shirin sun san darajar ɓoyewa. A fitowarsa ta farko, a ƙarshen kashin ranar 21 ga Disamba, 1963, ba a nuna komai ba sai bakin hannun robar yana matsowa kusa da wata mata mai suna Barbara, ita kuma ta manne da bango tana kururuwa. Daga baya a labarin, da aka buɗe sulken aka ciro abin da ke ciki, an naɗe shi a mayafi, ƙumba kawai aka bari ta leƙo. Sauran aikin an bar wa zuciyar mai kallo.

Lifidi a Matsayin Ma'auni

Domin a auna wannan ƙira da adalci, ya kamata a ajiye ta kusa da sulken gaske, wanda aka yi domin yaƙin gaske. Kundin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Lifidi ƙyalle ne mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke shi gida-gida, a lulluɓe doki da shi, mahayin ma ya sa nasa. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa, kwalkwali kuma na kai. Amfanin lifidi a fili yake: kibiya mai dafi tana maƙalewa a cikin audugar kafin ta kai fata, shi ya sa ake sa 'yan lifida a gaba su karya zafin maharba.

Amma kowane barde ya san kuɗin da ake biya. Lifidi yana da nauyi, yana da zafi, yana rage wa doki sauri. Auduga tana tsoron wuta, idan kuma ta sha ruwa nauyinta ya ƙaru. Ɗan lifidi yana bukatar mai taimaka masa ya hau, idan ya faɗi kuma yana bukatar mai tayar da shi. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobir a 1826, ya ga 'yan lifida da idonsa, ya kuma ga yadda harsashin bindiga ya kayar da na gabansu. Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja, inda kogi kan malalo cikin fadamu da damina, taɓo ya riƙe ƙafar mutum har gwiwa, zai gane abin da zai sami doki mai ɗauke da irin wannan kaya a can. Sulke ciniki ne: ka ba da sauƙin motsi, a ba ka kariya.

Akwai wani abu kuma da tarihin Haɗeja yake koya wa mai tarke. Ranar 25 ga Afrilu, 1906, rundunar Turawan Ingila ta auka wa birnin, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da jarumawansa da yawa, shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. A wannan rana masu doki da takobi su ne masu kare gida, maharan kuwa kaki ne a jikinsu, ƙarfinsu yana cikin bindiga mai ruwa. Don haka a idon mutumin wannan ƙasa, sulke ba tufar mugu ba ce. Tufar barde ce, wadda yara ke rububin kallo a hawan Sallah. Wannan ya tilasta mana tambayar da mai kallo a Landan ba lalle ya yi ba: idan ƙarfe a jiki ba shi ne mugunta ba, me ya mayar da Dalek mugu?

Amsar tana cikin bambanci uku. Ɗan lifidi ana ganin fuskarsa a ƙarƙashin kwalkwali, an san sunansa da na ubansa, maroƙa suna yi masa kirari. Yana dogara da wasu, daga maɗinkin da ya cusa audugar zuwa yaron da ke riƙe masa linzami, saboda haka kayan yaƙinsa suna ɗaure shi da jama'a. Sannan idan yaƙi ya ƙare yana tuɓewa, ya rataye sulken, ya zauna a zaure ya ci tuwo da iyalinsa. Dalek ba a ganin fuskarsa, yawancinsu ba su da suna, ba ya yarda yana bukatar kowa, kuma ba shi da ranar tuɓewa. Wanda ba ya iya cire kayan yaƙi ba shi da lokacin zaman lafiya, domin duk wanda ya tunkaro shi a fagen fama ya same shi. Nan ne muguntar take, kuma Cusick ya gina ta cikin siffar tun daga tushe.

Laka a Ido

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Labari ba ya tafiya idan abokin gaba ba shi da tsaga, kuma Dalek na 1963 yana da tsaga biyu masu ma'ana. Yana samun ƙarfin motsi ne daga lantarkin da ke cikin daɓen ƙarfe na birninsa, don haka ba ya iya fita daga birnin. Sannan ido ɗaya gare shi. Da aka tsare Doctor da abokan tafiyarsa, sai suka kankare ƙasar da ta manne a takalmi, suka kwaɓa ta da ruwa, suka shafe idon mai gadinsu da ita, suka tura shi kan mayafin da ya raba shi da daɓen, nan take ya tsaya cik.

Wannan fage shi ne zuciyar ƙirar. Halittar da ta ƙi duniya, ta gina wa kanta birni mai santsi inda babu ƙura, ta faɗi a hannun laka da ƙyalle. Manomin shinkafa a fadamar Kaugama ba ya bukatar a fassara masa wannan, domin ya sha ganin taɓo ya riƙe mota mai ƙarfin doki da yawa, jaki ya zo ya wuce ta. Raunin Dalek ya fito ne daga halinsa, kamar yadda tsoron wuta ya fito daga audugar lifidi. Abin da ke kare shi, shi ne ke kayar da shi, kuma mai kallo yana iya hango tsagar tun kafin taurarin labarin su gano ta.

Gyaran da Ya Rage Tsoro

Farin jinin Dalek ya sa dole a riƙa dawo da shi, dawowar kuma ta sa dole a riƙa toshe tsagoginsa. A 1964, da aka kawo shi ya mamaye Landan, an maƙala masa faifai a baya domin ya rabu da daɓen ƙarfe. Shekara da shekaru mutanen Ingila suna barkwancin cewa wanda Dalek ya biyo ya hau bene kawai, sai a 1988 aka nuna shi yana tashi sama yana bin matakala. A 2005, bayan an farfaɗo da shirin, aka sake masa jiki mai launin tagulla, aka ba shi kariyar da ke narkar da harsashi kafin ya taɓa shi, faifan robar ma ya zama makamin murƙushe kan mutum.

Adalci ne a ce kashin 2005 mai suna Dalek, wanda Robert Shearman ya rubuta, ya yi nasara. Amma a lura da inda nasarar take. Dalek guda ɗaya ne a cikinsa, fursuna, wanda yake ganin shi kaɗai ya rage a jinsinsa, kuma fagen da ya fi taɓa zuciya shi ne inda ya buɗe sulkensa domin hasken rana ya taɓa jikinsa, sannan ya zaɓi mutuwa a kan ya rayu da tausayin da ya fara shigarsa. Marubucin ya toshe tsagar ƙarfe, ya buɗe ta zuciya. Wannan dabara sau ɗaya take ci. Da aka koma nuna dubbansu suna shawagi a sama da taimakon kwamfuta, babu mai iya taɓa su, sai ya zama dole a ƙarshen labari a nemo wata dabarar kimiyya da za ta share su gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Mai kallo ba shi da rabo a irin wannan nasara, domin laka yana iya kwaɓawa, wannan kuwa sai dai ya zuba ido. A 2010 aka ƙara musu girma, aka shafa musu launuka masu ƙyalli, masu kallo da yawa suka ƙi su, har masu shirin suka koma ga na tagulla.

Haka ta faru da Cybermen, sauran masu sulken shirin, waɗanda suka fito a 1966. Kit Pedler, likita mai bincike wanda ya ƙago su tare da Gerry Davis, yana fargabar ranar da za a yi ta musanya gaɓoɓin mutum da na inji har mutuncin ya ƙare. Na farkonsu fuskarsu ƙyalle ce kamar ta majinyacin da aka naɗe, hannayensu kuma na mutum ne tsirara. Hannun nan shi ne abin tsoron, domin yana tuna wa mai kallo cewa wannan abu da mutum ne. Da aka rufe su da ƙarfe tun daga kai har ƙafa, sun ƙara kyan gani, amma sun matsa kusa da mutum-mutumin inji irin wanda ake gani a ko'ina.

Kammalawa

Hukuncin wannan tarke shi ne, ƙirar Cusick ta 1963 ta fi duk gyare-gyaren da suka biyo bayanta, duk da cewa ita ce mafi araha. Ta fi su ne domin kowane sashe nata yana amsa tambaya guda: me wannan halitta take tsoro, kuma me ta sayar domin ta tsira daga gare shi? Abin takaici, Nation ne ya mallaki haƙƙin Dalek ya yi arziki da shi, Cusick kuwa, da yake ma'aikacin albashi ne, ɗan tukuici kawai ya samu, har ya rasu a 2013. Masu nazarin adabi su ma sukan yi irin wannan rashin adalci, su ba marubuci dukan yabo, su manta cewa a wasan da ake kallo da ido, siffa ma rubutu ce.

Ga matasan marubuta da masu shirya fim na Hausa da ke sha'awar labarin kimiyya, darasin yana da daɗin ji. Rashin kuɗi bai hana Cusick ba, kuma abin da ya yi aiki da shi, katako da roba da tayar gado, akwai irinsa a kasuwar Haɗeja. Abin da ba a saya a kasuwa shi ne tunanin da ke gaban ƙira. Wanda zai ƙera mana baƙon sama mai sulke ya fara zuwa hawan Sallah ya tsaya kusa da 'yan lifida, ya ga gumin da ke zuba a ƙarƙashin kwalkwali, ya ga mutum nawa ke kewaye da doki guda. Daga nan ya tambayi kansa wace irin halitta ce za ta sa wannan kaya ta ƙi cirewa har abada, wa ta kora daga gefenta kafin ta kai ga haka, kuma wane ƙaramin abu ne a ƙasar nan, ruwa ko ƙura ko taɓo, zai durƙusar da ita.